TSOHON INJI BA YA MUTUWA, SAI DAI A KASHE SHI

A wannan mako ina so in ja ku zuwa wata rumfar kwano da ke bayan unguwarmu, domin abin da na gani a can ranar Asabar ɗin da ta wuce ya hana ni sakat. Na kuma tabbata da yawa daga cikinku sun taɓa ganin irinsa a garuruwansu, ko da ba su tsaya sun kula ba.

Rumfar nan gidan niƙa ce tun muna yara. A cikinta akwai wani tsohon injin Lister, kore, mai manyan ƙafafun ƙarfe biyu masu juyawa, waɗanda makanikai ke kira fulawil. Ƙararsa ce ke shaida wa unguwa cewa gari ya waye. Duk wanda ya taɓa ɗaukar ƙwaryar surfe ya kai niƙa a wancan zamani ya san wannan ƙara, tuf, tuf, tuf, ba garaje, ba fashi, kamar mata biyu suna lugude a turmi ɗaya. Mai injin ya rasu shekarun baya. 'Ya'yansa suka sayo ƙaramin inji ƙirar ƙasar Sin, suka ture tsohon gefe guda, kaji suka mai da ƙarƙashinsa akurki. To, ran nan ina wucewa sai na tarar da samari uku 'yan gwangwan sun kewaye shi da guduma da sikeli. Sun riga sun fasa ƙafa guda.

Na ce wa babban ɗan marigayin, "Kai kuwa ɗana, me injin nan ya yi maka?" Ya ce, "Baba, ai ya mutu tuntuni, wuri kawai ya tare mana." Na ce, "Wa ya duba shi ya ce maka ya mutu?" Ya ɗan yi shiru, sa'an nan ya ce, "Mai duba mana shi ai shi ma ya rasu. Makanikan yanzu kuwa sun ce ba su san kansa ba."

Wannan amsa ita ce maƙasudin rubutuna na yau. Yaron bai yi ƙarya ba, amma ya sa mutuwa a inda ba ta sauka ba. Ƙarfen yana nan da ransa. Abin da aka kai kushewa shi ne sanin yadda ake tayar da shi.

MASU RENON TSOFAFFIN INJUNA

Abin da ya ƙara mini takaici shi ne, a ƙasar da aka ƙera injin nan, watau Ingila, akwai mutanen da in sun ga abin da na gani sai idonsu ya kawo ruwa. A can, da Amurka, da Ostiraliya, da Holan, jama'a masu yawa sun ɗauki tayar da tsofaffin injuna a matsayin aikin sha'awa, kamar yadda wani a nan zai ɗauki kiwon tantabara ko renon doki. Injunan da suke nema su ne girkakku, watau waɗanda ba a jikin mota ko jirgi suke ba. Ana girke su ne wuri ɗaya su juya famfon ruwa, ko dutsen niƙa, ko zarto, ko janareta.

Asalin abin kuwa shi ne, sa'ad da wutar lantarki ta ratsa ƙauyukan Ingila bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai manoma suka yi watsi da irin waɗannan injuna a cikin rumbuna da gindin shinge, ciyawa ta rufe su. Daga baya waɗansu mutane, galibinsu manoma da makanikai da ma'aikatan da suka yi ritaya, suka shiga bin gonaki suna tono su, su kai gida, su ɓata watanni ko shekaru suna gyara. Sannu a hankali abin ya bunƙasa har suka kafa ƙungiyoyi, suka kuma sami mujallarsu mai suna Stationary Engine, wadda aka fara bugawa a 1974.

Da rani sukan yi taro a filin gona. Kowa ya ɗora injinsa a 'yar amalanke ya kawo, a jera su layi guda a bayan igiya don kada 'yan kallo su matso. Mai inji ya kafa kujerarsa a gefe, ya ajiye wani ɗan allo mai ɗauke da sunan kamfanin da ya ƙera injin, da shekarar da aka ƙera shi, da irin aikin da ya yi, da inda aka tsinto shi. Wani injin yana kunna ƙwan fitila uku ko huɗu da rana tsaka. Wani yana ɗebo ruwa daga baho ya mai da shi cikin bahon nan dai, daga safe har yamma. Babu mai niƙa ko mudu guda. Babban bikin tsofaffin injuna na Dorset, wanda aka fara a 1969, ya yi fiye da shekara 50 yana tara dubban jama'a a kan irin wannan kallo. Akwai kuma gidan tarihi na Anson a garin Poynton, wanda mutum biyu masu wannan sha'awa suka assasa, aka buɗe shi a 1989, ga shi yau cike da injuna masu rai waɗanda ake tayarwa jama'a su gani.

Na san mai karatu zai ce, "Wannan ai aikin masu ƙoshi ne." Zan dawo kan wannan magana, domin tana da ƙamshin gaskiya. Amma bari mu fara sanin ko wane ne injin da ake wannan ɗawainiya dominsa.

DAGA JAMUS ZUWA DURSLEY

Injin dizal, wanda man da yake sha muke kira gas, ya samo sunansa ne daga Rudolf Diesel, Bajamushen da aka haifa a birnin Paris a 1858. Ya sami takardar mallakar ƙirarsa a 1893, amma sai a 1897, a birnin Augsburg, injinsa ya yi aiki yadda ake so. Hikimarsa ita ce, in aka danne iska ƙwarai a cikin silinda, takan yi zafi har ta zarce digiri 500. In aka fesa mai a cikin wannan iska, sai ya kama da kansa, ba tare da fulogi ba. Shi ya sa injin gas na dā ba ya neman batir, ba ya neman waya. Abu uku kawai yake so: iska mai tsabta, matsi mai ƙarfi, da mai mai tsabta da zai fesu a daidai lokacinsa. Mu da muka san dalar gyaɗa ya kamata mu ji wannan kuma: a baje kolin duniya da aka yi a Paris a 1900, an tayar da wani ƙaramin injin dizal da man gyaɗa zalla, bisa buƙatar Gwamnatin Faransa, wadda ke tunanin ƙasashen Afirka da take mulka a lokacin inda ake noman gyaɗa.

Shi kuwa kamfanin Lister, wani mutum mai suna Robert Ashton Lister ne ya kafa shi a 1867 a ƙaramin garin Dursley da ke yammacin Ingila. Da kayan aikin gona ya soma. A 1929 ya fito da injinsa na dizal na farko, a 1930 kuma aka fito da mai silinda ɗaya da ake kira 5/1, watau mai ƙarfin doki biyar, silinda ɗaya. Daga baya aka ɗan ƙara masa gudu ya zama 6/1. Akwai kuma 8/1, da masu silinda biyu irin su 10/2 da 12/2. Dangin nan duka ana kiransu CS, haruffan da ke nufin inji mai tashi da sanyinsa. Wannan suna ba banza aka ba su ba. Injunan mai da suka gabace su, irin na Hornsby-Akroyd da aka fara sayarwa a 1892, sai an hura wa kansu wuta da fitilar aci-balbal ta ƙarfe na tsawon mintoci kafin su tashi. Shi wannan, hannu kawai za ka sa ka murɗa.

An yi ta ƙera CS har 1987, watau shekara 57 ana abu ɗaya ba tare da wani babban canji ba. A 1986 kamfanin ya haɗe da na Petter, a 2014 kuma aikin ƙera injuna ya bar garin Dursley. Amma ƙirar ba ta mutu ba. A birnin Rajkot na jihar Gujarat a Indiya, masana'antu da dama sun daɗe suna ƙera kwafinsa, kuma kayan gyaransu da yawa suna shiga na asali. Da yawa daga cikin injunan da muke kira Lister a gidajen niƙanmu 'yan Indiya ne, ba 'yan Ingila ba.

DALILIN TSAWON RAI

Me ya sa injin nan ke kai jika da tattaɓa-kunne? Amsa ta farko ita ce rashin gaggawa. Injin 6/1 yana juyawa sau 650 a minti ɗaya. Ƙaramin janaretan zamani da muke saya a kasuwa yana juyawa sau 3,000. In ka lissafa, a sa'a guda tsohon ya yi juyi 39,000, shi kuwa sabon ya yi 180,000. Kowane juyi gogayya ce tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Wanda ya yi tafiya a hankali takalminsa ya fi daɗewa.

Ta biyu ita ce yalwar ƙarfe. Faɗin silindarsa inci 4.5 ne, tafiyar fistan inci 5.5, nauyinsa ya haura kilo 300, duk don ƙarfin doki shida kacal. Ashe kuwa ba a taɓa ɗora wa gaɓoɓinsa abin da ya kusa ƙarfinsu ba. Manyan ƙafafun nan biyu, kowace faɗinta kimanin ƙafa biyu, su ke adana ƙarfin bugu guda su raba shi har bugu na gaba ya zo, tun da yake sau ɗaya wuta ke kamawa a cikin juyi biyu.

Ta uku ita ce sauƙin ƙira. Dubi yadda yake shan iska. Babu famfon ruwa, babu fanka. Ganga ce kawai ake girkewa a sama da shi, da bututu biyu. Ruwan da ya yi zafi ya hau ta bututun sama da kansa, mai sanyi ya sauko ta na ƙasa. Dubi kuma gwamnansa, watau 'yan ƙarafan da ke buɗewa in gudu ya yi yawa su rage mai, su rufe in nauyi ya hau su ƙara. Ana iya bin aikinsa da ido a gane. A kan silindar 5/1 da 6/1 akwai wata 'yar dunƙulalliyar murɗa, wadda in za a tayar da inji ake murɗa ta ciki don matsi ya ƙaru, in ya ɗumama ya ɗauki nauyi a warware ta. Har ma akwai wani samfurin janareta mai suna Start-O-Matic, wanda da zarar an kunna fitila a cikin gida sai injin ya tashi da kansa, in an kashe fitilar ƙarshe ya tsaya.

Wanda ya ƙera injin nan ya ƙera shi ne da niyyar a buɗe shi a gyara, a ƙauyen da ba kanti, da sifana 'yan kaɗan. Wannan niyya ita ce ta yi ƙaranci a kayan yau.

YADDA SUKE TAYAR DA MATACCE

To, yaya masu wannan sha'awa suke yi in sun tsinci injin da ya shekara talatin a cikin ruwan sama? Darasinsu na farko shi ne, kada ka tilasta. In fistan ya kafe a cikin silinda saboda tsatsa, wanda ya sa dogon ƙarfe ya danna fulawil da ƙarfi zai lanƙwasa sandar fistan ko ya fasa wani abu da ba ya sayuwa. Abin da suke yi shi ne su cire kan silinda, su zuba gas ko wani mai mai ratsa tsatsa a kan fistan, su rufe, su tafi. Bayan mako guda a zo a ɗora guntun katako mai tauri a ɗan bubbuga, a girgiza fulawil gaba da baya, a ƙara mai, a sake tafiya. Wani sai ya yi wata biyu kafin ya motsa. Mai haƙuri shi ke dafa dutse.

Na biyu, kafin su kwance komai sai sun ɗauki hotonsa, kowane ƙusa da noti a sa shi a gwangwaninsa a rubuta inda ya fito. Sukan kuma duba ɗan allon tagulla da ke jikin injin, domin lambar da ke kai ita ke nuna shekarar da aka ƙera shi da irin kayan da suka dace da shi.

Na uku, neman tsagewa. A can, babban abokin gaban tsohon inji shi ne sanyi: ruwan da aka bari a ciki ya daskare ya kumbura ya tsaga ƙarfe. Narkakken ƙarfen da aka zuba irin wannan ba ya son walda barkatai, don haka sau da yawa ɗinke shi ake yi da 'yan ƙusoshi na musamman ba tare da wuta ba. Fulawil kuwa, akan ƙwanƙwasa shi da 'yar guduma a saurara. Lafiyayye yakan yi amo kamar ƙararrawa, tsagagge ya yi ƙara kamar fasasshiyar tukunya. Tsagaggen fulawil ba a yi masa kara, domin in ya tarwatse yana cikin gudu, babu bangon da zai tare shi.

Daga nan sai a kwashe baƙin laka da ya taru a gindin injin, a goge bawul da mazauninsa da man gogewa har su haɗu ba kafar iska, a auna ringin fistan da metal ɗin karanshaf. Akwai wani sirri a nan wanda sai na gida ya sani: cikin silindar Lister ta asali an dalaye shi da ƙarfen kurom mai tauri, saboda haka ba a sa mata ringi mai kurom, domin tauri biyu ba sa zama lafiya. Waɗanda suka sayi kwafin Indiya kuma sun koyi kwance sabon inji su wanke cikinsa tun kafin su tayar, saboda a waɗansu akan tarar da ragowar yashin zubi a ƙarƙashin fenti, yashi kuwa shi ne ajalin metal.

Famfon mai da nozul su ne zuciyar aikin. Ba a buɗe su a cikin ƙura, ba a goge su da tsumma mai gashi. Nozul mai lafiya yakan fesa mai kamar hazo ya yanke tsaf ba ɗiga. In an haɗa komai, sai a fitar da iskar da ta shiga bututun mai, domin kumfa guda na iya hana inji tashi. Sa'an nan a ɗaga bawul ɗin hayaƙi da ɗan marfinsa don matsi ya saki, a sa hannu a yi ta murɗawa har ƙafafun su ɗauki gudu. A nan mai kunne zai ji nozul yana wata 'yar ƙara, ƙiiƙ, ƙiiƙ, alamar mai yana isa. Sai a saki bawul. Bugu na farko, hayaƙi ya tashi, bugu na biyu, na uku, sai ka ji numfashin da ya ɗauke shekara talatin ya dawo. Masu yi sun ce wannan lokaci shi ne ladan wahalar duka.

Suna da gardamarsu kuma. Waɗansu sai sun kankare injin tas sun shafa masa sabon koren fenti irin na kamfani, sun goge tagullarsa tana walƙiya. Waɗansu kuwa sun ce a'a, a bar shi da tufafin aikinsa, a shafa masa mai kawai, domin kowane tabo a jikinsa labari ne. Ni dai ina tare da na biyun. Tsoho da furfurarsa ya fi kwarjini.

RENO DA HATTARA

Tayar da inji rabin aiki ne, riƙe shi shi ne sauran. Ga masu gidajen niƙa da har yanzu ke da irinsa, ga abin da ya kamata a ara daga waɗancan mutane. Mu namu abokin gaban ba ƙanƙara ba ce, ƙurar hunturu ce, da garin da ke tashi a rumfar niƙa, da gas mai ruwa ko datti, da ruwan rijiya mai barin farar ƙasa a cikin hanyoyin ruwa. Saboda haka a tace gas kafin a zuba, a bar shi ya kwanta, kada a ɗebi na gindin ganga. A riƙa wanke matatar iska, in da hali a ja bututun shan iska zuwa wajen rumfa. A duba baƙin mai kowace safiya, a canza shi da ɗuminsa, a rubuta ranar a littafi. A kula kada ruwan ganga ya sauka ƙasa da bakin bututun sama, domin da zarar ya sauka, zagayen ruwa ya tsaya, ko da gangar ta nuna kamar da ruwa a ciki.

Hayaƙi kuma harshen inji ne. Baƙi yana cewa an yi mini nauyi, ko iska ta yi mini kaɗan, ko nozul ya lalace. Shuɗi yana cewa ina ƙona baƙin mai, a duba ringi. Fari bayan inji ya ɗumama yana cewa maina bai ƙonewa, ko ruwa na shigo mini. Haka nan injin gas ba ya son zaman banza. In aka bar shi yana gudu ba nauyi na dogon lokaci, sai baƙin gawayi ya toshe shi.

Wajibi ne in yi gargaɗi, domin abin nan ba wasan yara ba ne. Mai babbar riga, da mai rawani, da mace mai mayafi, kada su kusanci bel ko fulawil yana juyawa. In za a murɗa hannun tayarwa, babban yatsa ya zauna gefe ɗaya da sauran yatsu, don in inji ya mayar da bugu kada ya karya shi. Kada a taɓa sa hannu a gaban feshin nozul, domin yana huda fata ya shiga jiki, raunin kuwa ƙarami ne a ido amma yana iya jawo yanke yatsa. A riƙa duba makullin ƙarfen da ke riƙe fulawil kada ya saki. Kada a cire gwamna ko a ɗaure shi don neman ƙarin gudu. Kada kuma a tayar da inji a ɗaki rufaffe, hayaƙinsa guba ne. Igiyar nan da Turawa ke shatawa tsakanin injuna da 'yan kallo ba ado ba ce.

AIKIN MASU ƘOSHI?

Yanzu mu koma ga mai cewa wannan aikin masu ƙoshi ne. Gaskiya ne, mutumin da ke neman na cefane ba zai ajiye kilo 300 na ƙarfe yana shafa masa mai don kallo ba. Gaskiya ne kuma, tsohon inji yana da nauyi, yana da hayaƙi, ba ya ɗaukuwa, kuma a wurare da yawa famfon ruwa mai aiki da hasken rana ya fi shi sauƙi da tsabta. Ba na kira a koma jiya. Ban kuma ga laifin ɗan marigayi mai niƙa ba da ya sayi abin da makanikin unguwarsa ya iya gyarawa.

Amma a lura da abin da Baturen nan mai ɗebo ruwa daga baho ya mayar cikin baho yake adanawa. Yaron da ya tsaya a bayan igiya yana ganin bawul na hawa da sauka, yana ganin gwamna na rage mai, ya tambaya a ba shi amsa. Injin zamani a rufe yake, kwamfuta ke sarrafa shi, ba abin da ido zai gani. Wannan kuwa allo ne a buɗe. Wanda ya kwance shi ya haɗa sau ɗaya ya fahimci tushen kowane injin gas, daga na tarakta har na jirgin ruwa. Su da suka daina buƙatar injin sun riƙe iliminsa. Mu da muka ci tuwonsa shekara da shekaru, muna sayar da shi a kan sikeli, muna kuma raka masu saninsa makabarta ɗaya bayan ɗaya ba tare da mun zauna mun tambaye su komai ba.

Ba hannu muka rasa ba. Duk wanda ya taɓa shiga Fanteka a Kaduna ya ga yadda ake narka ƙarfe a zuba, a feƙe, a fito da abin da babu shi a kanti, ya san muna da gwanaye. Ba kuma baƙon abu ba ne a ƙasar nan 'yan sa kai su ceci kayan tarihi: ƙungiyar Legacy ta gyara tsohon gidan Jaekel da ke harabar hukumar jiragen ƙasa a Ebute Metta, a Ikko, ya zama ɗan gidan tarihin reluwe. Abin da muka rasa shi ne ɗaukar injin niƙa da na famfo a matsayin tarihi. Muna ganin tarihi takobi ne da sulke da tambari. Alhali kuwa injin da ya sauke wa iyayenmu mata taɓarya da dutsen niƙa, ya haska asibitin ƙauye da dare, ya ɗaga ruwa zuwa tankin makarantar kwana, ya canza rayuwar talaka fiye da takubba da yawa.

Shawarata guda uku ce, kuma babu mai tsada a ciki. Ta farko, kowace kwalejin koyon sana'a ta nemi tsohon Lister guda ɗaya, ta sa ɗalibai su tayar da shi, ta kuma gayyaci tsohon makanikin gari ya zo ya koyar, a biya shi, a girmama shi. Ta biyu, Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, da takwarorinta na jihohi, su ware ɗan lungu don kayan aikin da suka yi wa jama'a hidima, a riƙa tayar da su ana gani. Ta uku, ga ma'aikacin da ya yi ritaya yana neman abin da zai ɗebe masa kewa, da mai hali da ke da fili a bayan gida: farashin tsohon inji a yau bai wuce nauyin ƙarfensa ba. In ka riga ɗan gwangwan zuwa, ka ceci abin da ba za a sake ƙerawa a Dursley ba. Da tsohuwar zuma ake magani.

Ni dai ran nan na makara. Kafin in gama magana da yaron an fasa ƙafa ta biyu, an ɗora gangar jikin a kura. Abin da na samu shi ne ɗan allon tagullar, wanda na roƙi samarin suka ɓamɓaro mini da kurfi. Ɗayansu ya ce, "Baba, me za ka yi da wannan? Ai ko kwata bai kai ba." Ga shi nan a kan teburina sa'ad da nake wannan rubutu, da lambarsa a fili kamar jiya aka buga ta.

Saboda haka ina roƙon masu karatu, duk wanda ya san inda tsohon Lister, ko Ruston, ko Petter ke aiki har yanzu, ko ya san wani dattijon makaniki da ya san kansu, ya rubuto mana ta hannun Edita, ya faɗi garin da irin aikin da injin ke yi. Za mu buga wasiƙun a wannan fili. Ba a fafe gora ranar tafiya.